Jinjina ga Masu Karantawa Don Kada Mu Karanta

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi. Ina zaune a rumfar mai cajin waya ina jiran tawa ta ɗan sha wuta, sai ga wani yayana daga Katuru ya shigo idanu jajur kamar wanda ya kwana gadin gona. Gabana ya faɗi, don a ƙasarmu yanzu in ka ga mutum bai yi barci ba, labarin daji ka fara kawowa a rai. Ashe wani littafin soyayya ne da ake yayi a waya. Ba zan ambaci sunansa ba, masu zaginsa sun riga sun yi masa tallar da ta ishe shi.

"Ƙanena," in ji shi, "wanga littahi bala'i na. Kwana ukku ina karatu nai, ban aje ba sai da nik kai ƙarshe, aradu ban ga abin kirki ko guda ciki ba."

Yana rufe baki ya juya ga yaron da ke tura fina-finai, ya tambaye shi ko na biyu ya hito.

Tun ranar nake jin nauyin bashi a wuyana. Muna da irin waɗannan bayin Allah daga Katuru har Zurmi, daga Zurmi har Kaura Namoda, suna yi wa al'umma hidima dare da rana, babu albashi, babu lambar yabo, babu ko maroƙin da zai ambace su a gidan suna. Makaɗan ƙasarmu irin su Narambaɗa sarakuna suka yi wa, 'yan dambe suna da nasu, manoma suna da nasu. Mai karanta littafin soyayya don ya tabbatar da muninsa shi kaɗai aka bari ba kiɗa. To yau ni zan ɗauki kotso.

Dubi girman sadaukarwar. In aka ce rijiyar gari ta gurɓace, mutum mai son kansa sai ya kauce. Yayana ya shanye guga guda, ya sake zurawa, don kada wani ya sha a rashin sani. Ya san shafin da yarinyar ta fara ɗaga ido ta kalli saurayin. Ya san shafin da aka rufe ƙofa. Wannan shafin ma sau uku ya maimaita shi, saboda shaida ba ta tabbata da kallo ɗaya. Da ya gama, bai ɓoye ilminsa ba, ya tura wa abokansa na majalisa da gargaɗi a kai cewa kowa ya ga irin abin da ake rubutawa. Su ma mutanen kirki ne, suka gani, suka yi salati, suka tura gaba. Kafin sati ya zagayo, gargaɗin ya isa kowane zaure.

Kada a ɗauka jiya aka fara. Sana'ar tana da silsila mai daraja. A farkon shekarun 1990, da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren wanda ba ta so, magabatan yayana suka yi zurfin bincike suka gano mai laifi. Rijiya dai tana nan tun kaka da kakanni, auren dole ma ya girmi injin ɗab'i, amma basira irin tasu ta tsallake su duka biyun ta cafke takarda. Masana a jami'a suka raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu shekara da shekaru, Ibrahim Malumfashi a gefe guda, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a ɗaya gefen. Waɗannan sun ɓata lokaci suna kawo hujja. Mutanenmu ba su buƙatar wannan wahalar. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, aka tara littattafan da aka karɓe a hannun 'yan makaranta mata a Kano aka cinna musu wuta. Kowa shaida ne, tun daga ranar ba a sake sakin mace a Kano ba.

Ko a ƙasar Faransa an yi irin wannan aikin alheri. A 1857 suka kai Gustave Flaubert kotu kan Madame Bovary, kotu ta sallame shi, mutane suka yi rububin saye. Su sai da suka ɗauki lauyoyi. Namu majalisar ƙofar gida ta wadatar.

Akwai ɗan abin da ke ɗaure mini kai, amma na san ƙarancin fahimtata ce. Balaraba Ramat Yakubu, mai Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, tana 'yar shekara 13 aka aurar da ita, bayan an cire ta daga makaranta. Lokacin babu ko ɗaya daga cikin littattafan nan a kasuwa. Na tambayi yayana wane littafi ne ya lalata waɗanda suka yi mata haka, ya ce in bar kawo ruɗani. Hajiya Hafsat Abdulwaheed kuwa, wadda So Aljannar Duniya nata ya fito tun 1980, a Gusau ta yi zamanta, har ta nemi kujerar gwamnan Zamfara a 2003. Ka ga irin inda rubutun soyayya ke kai mace. An fara da Boɗaɗo ta cikin littafin ta ce ga wanda take so, an ƙare da mace tana son gidan gwamnati. Wa zai ga laifin masu tsoro?

Sai maganar tattali, wadda a nan ne na fi sara musu. A da, mai son karatu sai ya je rumfar haya ya ajiye 'yan kuɗinsa, ya karɓi littafin da motar Kano ta sauke a Gusau ko Kaura, ya dawo da shi bayan kwana biyu bango ya yi laushi. Asara ce tsagwaronta. Yanzu marubuciya tana zaune a ɗakinta, ta gama tuwo, ta kwantar da yara, ta kama waya da babban yatsa tana bugawa har tsakar dare, da datar da ta saya da kuɗinta. Ta ce mai so ya biya naira 500 a sa shi a zauren WhatsApp. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, hamsin su karanta. Yayana ya yi mini bayanin hukuncin dalla-dalla: ba wa mai yaɗa fitina kuɗi taimakon ɓarna ne, amma in abin ya zo maka kyauta, rabonka ne ya tsaga. Ban taɓa jin fatawar da ta yi wa aljihu daɗi irin wannan ba. Wanda ya kwafe ɗin ma sai an yi masa addu'a, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Kuma duk da ba su biya ba, ba su yi sakaci da haƙƙinsu ba. In marubuciyar ta kwana biyu ba ta saki sabon feji ba, sai saƙo ya fara sauka. Na farko da ladabi: Anti lafiya dai ko? Na biyu: Anti kin fa bar mu a rataye. Na uku kuwa, an gano dama can girman kai gare ta, kuma ba ita ta fara rubutu a duniya ba. Wata ta ba da uzurin cewa rasuwa aka yi mata. Aka yi mata ta'aziyya cikin layi ɗaya, a layi na biyu aka tambayi ko gobe za a samu ci gaba. Mutum ya tsani abu har haka, amma ya kasa jure rashinsa na kwana biyu, wannan ai sai jarumi.

Mata masu karatu su ma ba za a bar su a baya ba, don su ne majalisar dokokin labarin. Zamfara jiha ce da takenta ke alfahari da noma, amma a gwada aurar da tauraruwar littafi ga manomi a gani. Wata marubuciya ta yi gangancin haɗa yarinyar da malamin firamare mai haƙuri da sanin darajar mutane, aka yi mata ca, wai ta cuci marainiya. Dole saurayi ya zama ɗan hamshaƙi, likita ne da ya yi karatu a Ingila, fari, dogo, miskili, ba ya dariya sai sau ɗaya a shafi arba'in. In ya mare ta a farkon labari, a yi masa uzuri, zafin so ne, kuma ai a cikin mota mai sanyi ya ba ta haƙuri. Da mai kabu-kabu ne ya ɗaga mata murya kawai, da an nemi a kai shi gaban alƙali kafin feji na gaba. Wannan shi ne adalci mai sanin darajar mutane.

Kishiyar labari kuwa ba ta da mafita. Ko ta haukace, ko ɓarin jikinta ya shanye, ko asirin da ta binne ya koma kanta a tsakiyar kasuwa. In marubuciya ta bar ta ta tuba ta zauna lafiya, an ci amanar masu karatu. Na san wata da ta fi kowa neman a nakasa amaryar littafin, ita kuma ta uku ce a gidan mijinta. Ta ce tata daban, ita ƙaddara ce ta kai ta.

Amma fagen da ba a kama ƙafarsu shi ne tausayi. Wata gwaggona ba ta karatun boko, a kunne take sauraron littafin, irin wanda ake karantawa a ɗora a YouTube, yara su sauko mata da shi a kan katin waya. Ranar da aka ɗaura wa yarinyar labarin aure da tsohon da ya biya bashin ubanta, gwaggo ta kasa cin tuwo. Ta yi kuka har da majina, ta ce Allah ya isa tsakaninta da uban nan marar imani. A watan ne aka kawo kuɗin jikarta, yarinyar da ba ta gama ƙaramar sakandare ba. Jikar ta shiga ɗakinta tana hawaye, gwaggo ta dakatar da wayar ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi ag gare ki? Mu da anka yi muna, mutuwa munka yi?" Ta kunna ta ci gaba da sauraro. Hawaye abu ne mai tsada, mai hankali ba ya zubar da shi a kan wadda ke gabansa, wadda in ya tausaya mata sai ya yi wani abu. Ta cikin waya ba ta neman a mayar da sadaki.

Su ne kuma suka gano mana abin da ke hana 'ya'ya mata karatu a Zamfara. Ni da jahilcina na ɗauka irin abin da ya faru a Jangebe ne a watan Fabrairun 2021, da aka kwashe ɗalibai mata 279 cikin dare, da makarantun da aka yi ta rufewa bayan nan, da hanyar da uba ke fargabar ɗora 'yarsa a kai. Ashe littafi ne. Yarinyar da ta iya zama ta karanta shafi ɗari na Hausar boko ba tare da ta yi tuntuɓe ba, a garin da ajinsu ya fi kwana a rufe, ita ce abar tsoro. Gara a ƙwace wayar. Me za a ba ta ta karanta a madadinsa? Wannan tambaya ce ta masu neman rigima.

Allah ma ya ba mu damar gwada maganarsu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, har da wannan ta Shinkafi da nake zaune a cikinta. Makonni babu sabon feji ko ɗaya da ya shigo Katuru. Marubutan Kano da Kaduna da Katsina suka yi ta fitinarsu, ba ta iso mu ba. Sai ku tambayi alƙalai da masu unguwanni irin zaman lafiyar da aka samu a gidajen aure a lokacin, yadda miji ya daina fita ya bar gida ba cefane, yadda uwar miji ta rungumi suruka. Yayana dai bai zauna ba. Ya yi doguwar tafiya mai haɗari har inda ake samun sabis, don ya gaida 'yan uwa na nesa ya ji lafiyarsu. Ya dawo da gaisuwar mutum biyu da feji goma sha ɗaya.

Wayata ta cika, na biya zan tashi, sai yaron rumfar ya ce ai na biyun ya samu tun jiya. Yayana ya yi a'uziyya, ya miƙa wayarsa. Yaron ya ce naira 100 ne kuɗin turi, suka yi ta ja har aka tsaya a 50, don bai ga dalilin da zai sa ya yi asarar ɗari a kan shirme ba. Yana jira abin ya gama shiga ya riƙo hannuna.

"Kai da kake rubutu jarida, ka gaya ma hukuma. Matag ga kama ta ya kamata a yi."

Na ce to, Yaya, zan rubuta.

Ya duba wayar, ya ga inda na biyun ya tsaya, ya ɗan yi shiru.

"Amma ka ce musu su bari ta ƙare na ukku tukuna."