Guzurin Mai Ofis a Aljihu

To, Malam, an ce aiki ya tura ka yammacin Zamfara: daga Gusau ka karya ta Mayanci ka shiga Anka, ka gangara Dareta, in hali ya yi ka leƙa Bukkuyum da Gummi. Ka kuma bugi ƙirji cewa ofishinka kacokan yana cikin waya. Madalla. Ga guzuri.

Na ɗaya, fawa-bank. Kada lambar da ke jikinsa ta ruɗe ka. Mai 10,000 na gaskiya ma, kusan kashi biyu cikin uku ne ke isa wayarka, sauran ya tafi a la'ada wajen sauya ƙarfin wuta. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi kwalin ashana nauyi ba, gaishe shi ka wuce. In kuma nauyin ya yi yawa, girgiza shi a kunne, kada ka yi dakon yashi zuwa garin da ke da nasa.

Na biyu, wayar caji guda biyu: taka, da ta "ara mini minti biyar". Ta biyun ka yi bankwana da ita tun a tasha.

Na uku, layi biyu na kamfani daban-daban, da abin saƙalawa a kunne. Na taɓa yawo da waya sama kamar mai kiwon tantabara, wani yaro ya dube ni ya ce, "Sabis kaka biɗa, Malam? Yana can bisa icce." Na hau. Daga nan na gane amfanin abin kunne: hannu ɗaya na riƙe da reshe, ɗayan na riƙe da wando.

Na huɗu, ƙaramar waya, 'yar rakani-kashi. Cajinta ya kwana uku, ga tocila, ga rediyo, ba ta tsone wa kowa ido. Ranar da babbar ta suma, ita ce uwargida.

Na biyar, ƙaramin faifan sola. Rana a nan ba ta karɓar kuɗin wata. Sai dai faifan ake shanyawa, ba wayar ba. A Maris da Afrilu zafi kan haura 40, batir ya kumbura kamar fanke.

Na shida, leda da kyauro, maganin ƙurar hunturu da ruwan damina. A nan kuma ban da wasa. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Dareta, Bagega, 'Yargalma da maƙwabtansu. In ka je wurin niƙan dutse, kada ka hure waya da baki. Goge ta da ɗanyen tsumma, ka wanke hannu, ka sauya riga kafin ka ɗauki ɗan kowa.

Na bakwai, tsabar kuɗi. Wanda ya ga ƙarancin naira a farkon 2023 ya san zaman jiran alat. Ka shanye shayi, ka cinye biredi, mai shayi ya riƙe ka jingina har magariba.

Na ƙarshe, biro da takarda. Dariya kake? A Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Mai babbar waya da mai ƙarama suka zama ɗaya. Wasu sai sun je Funtuwa kafin su ce "halo", wasu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi.

Don haka in ka shiga mota, kada ka duƙufa kan waya kamar mai karatun allo. Gaida direba, ka tambayi iyali, ka miƙa masa goro. Wata rana shi ne sabis ɗinka, kuma ba ya neman a hau icce.