Zomon Man Gyaɗa

A 1502 wani Bajamushe, Albrecht Dürer, ya zana zomo da fentin ruwa, har ana hango hasken taga a ƙwayar idonsa. Wajen 1585 Hans Hoffmann ya kwaikwaye shi da fentin mai, ya zaunar da zomon cikin ciyayi. Hoton nan na Hoffmann yana gidan tarihi na Getty a Amurka. A waya na gan shi, na ce a raina: in Bature ya iya, balle ni ɗan Kajiji da na fara tsotsar ƙashin zomo tun kafin yaye?

Fenti da burushi na samo a Sakkwato. Abin da ya gagara shi ne man da ake sirka fentin da shi, wanda ake kira linsid. Na ce mai ai mai ne, na tsiyayo man gyaɗar Inna na ƙuli-ƙuli. Ashe shi linsid iska yake sha ya daskare. Man gyaɗa kuwa ba ruwansa da bushewa.

Na aro zomo wajen yaron maƙwabta, na kewaye shi da harawar wake, zogale da latas na fadama. Ƙa'ida ita ce a fara shimfiɗa duhu siriri, sannan a bi gashi ɗaya bayan ɗaya da launi mai haske. Ina kan kunnen hagu, gogan naku ya cinye latas. Kafin in kai wuya ya gama da zogale, ya juya mini baya, ya zuba 'yan ƙwallayensa, ya bi ta rariya. Sai da na biya kuɗinsa.

Sauran jikin da ka na ƙarasa. Na jingina allon a zaure ya sha iska, hunturu kuwa ya samu wurin zama. Ƙura ta yi wa zomon gashin da na kasa yi masa, tururuwa suka kafa layi a kan ciyayin.

Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wanga jakki na?"

"Zomo ne, Baba."

"To, Allah shi ba shi lahiya."

Har yau fentin ɗanye yake. Mai shayin bakin titi ya aiko a tambaye ni nawa zan sayar, wai ya lura duk ƙudan da ya sauka a kai ba ya tashi.