A Karar Potiskum Ba a Tambayar Kwali

Wai yanzu ne manyan kamfanonin Amurka irin su IBM da Google suka gano cewa ba sai da digiri mutum ke iya aiki ba. Har jihar Maryland ta cire sharaɗin kwalin digiri daga dubban guraben aikin gwamnati a 2022. To, sannunsu da zuwa. Mu nan Potiskum haka muka taso muka tarar.

Shigo kara ranar Laraba ka ce aiki kake nema. Ba mai tambayarka inda ka yi karatu. Igiya za a miƙo maka, a nuna maka wani jan rahaji mai dogon ƙaho yana huci, a ce, "Bisimilla, samari." Ka zarge shi a ƙafa, ka kai shi bakin tirela bai tunkuyi kowa ba, ka ci jarrabawa. In kuwa shi ya kore ka har ka bar takalmi, a sha dariya, a saya maka fura, a ce ka dawo wata Larabar.

Lodi ma ilimi ne. Wane sa za a sa kusa da wane, yadda za a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, yadda ɗan rakiya zai kwana a saman mota har Legas ko Fatakwal yana tayar da wanda ya durƙushe kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Dillali kuwa ya buɗe bakin saniya ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya faɗa maka shekarunta da naman da ke jikinta. Ya juya ya yi Fulatanci da mai ita, ya yi buroka da Inyamurin da ya zo daga Anacha, ya ce "albarka" sau uku kafin a sallama. Bangizime ne ko Babole ko Bakarkare, wa ya damu? Har Babarbare muna bari ya riƙe sanda, ko da yake Fulani sun ce saniyar ce ke kiwonsa.

Da muna yi wa yaranmu masu difiloma tsiya, wai hannunsu ya yi laushi. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Alhazan da suka saba zuwa da kuɗi a buhu suka koma bin ɗan boko suna cewa, "Yaro, duba mini, alat ya shigo?" Tun daga nan kowane babban dillali da ɗan bokonsa mai waya a gefe.

Amma fa mu rage cika baki. Igiya ce ake miƙa wa kowa. Da maganar ta kai ga riƙe kuɗin shanu, tambaya ta sauya: "Ɗan gidan wa ne? Wa ya tsaya masa?" Ɗan dillali yakan gaji rumfa ko da bai iya raba bokolo da bunaji ba, maraya mai ido kuwa ya tsufa yana kora. Ita kuma Bafulatanar da ta san lafiyar saniya tun daga nononta, har yau tana bakin ƙofa da ƙwaryarta, ba wanda ya taɓa ce mata ta zo ta taya.