Gishiri Ruwa-Ruwa, da Masu Cewa Ƙarya Ne

Na san halinku, 'yan majalisar mai shayi a Birnin Kebbi. Da an ce akwai gishirin da yake kwarara ba tare da an ɗiga masa ruwa ba, sai ku tuntsire da dariya: "Malam, wanga zance sai Gizo da Ƙoƙi." To, ku dara son ranku.

Gishirin miya sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa. Amma tun 1914 wani masanin sinadarai, Paul Walden, ya haɗa gishirin da ke narkewa a digiri 12. A zafin Kebbi na watan Afrilu ai ko a randa ka ajiye shi ba zai daskare ba. Ƙwayoyin irinsa manya ne, karkatattu, ba sa jeruwa su zama dunƙule.

"To, a miya za a sa?" Alhaji, ka rufa wa iyalinka asiri. Batir ake nema wa shi. Ruwan da ke cikin batirin wayarka yana iya kama wuta, shi kuwa wannan da kyar yake tururi, da kyar wuta ke cinsa. Aibinsa kauri. Wani ya ninka ruwa kauri sau hamsin, kuma batir ba ya shiri da nawa: in ƙwayoyin lithium da ke cikinsa ba su yi sauri ba, caji sai a hankali.

Ga wani Malam can ya ɗaga yatsa: wa ya taɓa ganin ƙwayar zarra, balle ya auna gudunta? Tambaya ta yi kyau, ko da yake ba don Allah ka yi ta ba. Na'urar ita ce NMR, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka gano sirrinta a Amurka a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Ana zuba ruwan a siririn bututun gilashi mai faɗin milimita 5, a zura shi cikin ƙaton maganaɗisu, a buga masa igiyar rediyo. Haidurojin ya amsa a mitarsa, lithium a tasa. A 1965 wasu masana, Stejskal da Tanner, suka ƙara dabara: a yi wa ƙwayoyin alama inda suke, a dakata ƙasa da ƙiftawar ido, a sake dubawa. Gwargwadon raunin amsar, gwargwadon nisan da suka yi.

Abin da aka gano zai yi muku daɗi. Lithium, ƙaramin cikinsu, sau da yawa shi ne na baya. Wasu ƙwayoyin ne ke manne masa, yana tafe yana jan su, kamar sabon kansila da 'yan rakiyarsa.

"Tsafin Turawa ne." Ashe? Da likita ya tura ka hoton MRI saboda ciwon baya, ka kwanta lamo a cikin na'urar, har da godiya. Ilimin ɗaya ne.

Manoman fadama ma kada su zame. A 2002 masana a Jami'ar Alabama suka nuna irin wannan gishiri yana narkar da zaren tsirrai, abin da ya cika karan shinkafa da buntun da injinan Argungu ke tarawa tsibi-tsibi. Tsadarsa dai ta hana a zo da shi tanka-tanka, nan kam kun ci gari.

Kafin ya yi araha, Alhaji, ka daina sa wayar nan caji a ƙarƙashin matashi.