Zuwa ga Bawana Bakano, Mai Cewa Sai Ya Gani da Idonsa

Alhaji, bawana na Kantin Kwari, ina yi maka gaisuwar da ubangida ke yi wa yaronsa. Labari ya iso mu nan Zazzau cewa bana ma ka tayar da rigimarka ta ƙarshen Sha'aban. Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, gidajen rediyo sun ɗauka, masallatai sun fara asham, matan gidanka sun ɗora sanwar sahur, kai kuwa ka harɗe a kan darduma kana cewa ba ka ɗaukar azumi sai ka ga wata da idonka. Wai gani ya kori ji.

Wane idon, Alhaji? Wanda in alat ya shigo sai ka miƙa wa yaron shago waya ya ƙirga maka sifili nawa ne? Da shi za ka hango jinjirin wata a samaniyar Kano, ta cikin hazo da hayaƙin A-daidaita-sahu da na janareto, kana tsakar gidan da benaye suka yi wa ƙawanya?

Matso in ɗora maka karatu, kyauta, don na san in da kuɗi ne ba za ka zauna ba. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar, a matsakaici kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa watanmu ke yin 29 ko 30. A yammacin farko siriri ne ƙwarai, kuma yana bin rana ya faɗi jim kaɗan bayanta, sau da yawa kafin awa guda ta cika, wato lokacin da kake tsaye a kan yara suna jan ƙofar shago. Watan da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba, masana taurari ba su taɓa tabbatar da cewa tsurar ido ta kama shi ba. Kullum kuma yana ƙara nisa da rana da kusan digiri 12. Saboda haka in an rasa shi yau da 'yan awoyi, gobe zai fito da kauri, ya daɗe a sama, irinku su taru a ƙofar masallaci suna rantsuwa cewa na kwana biyu ne, an ɓoye musu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda wannan tsantseni naka ke narkewa ranar 29 ga Ramadan. Nan ba ka neman idonka, ba ka neman na kowa. Saƙo ɗaya ya isa, ko da wani ne da ba ka sani ba ya turo a WhatsApp cewa an gani a wani ƙauye can bakin iyaka. Kafin fadar Sakkwato ta ce uffan ka aika a karɓo ɗinki wajen tela.

Ita shari'ar da kake ganin kana kare wa mutunci ba ta taɓa ɗora wa kowa ganin wata da idonsa ba. A mazhabar Malikiyya da ni da kai muka tashi a kai, shaidar adalai biyu ta wadatar, ko taron jama'ar da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. In sama ta rufe, a cike talatin a wuce wurin. Har ma Risala ta hana mutum ya azumci ranar shakka don wai kada ya yi asara, kuma in ya yi, ko ta tabbata Ramadan ce, sai ya rama. Ka tuna Ahalarin da aka biya maka a zaure kafin kasuwa ta ɗauke ka? Babi mai tsawo a cikinsa ƙabli da ba'adi ne, wato dabarun mutumin da ya rikice. Ka yi kokwanto raka'a uku ka yi ko huɗu, ka ɗauka uku ce, ka ƙaro ɗaya, ka yi ba'adi. Wanda kuwa shakka ta aure shi, kullum sai ta zo masa, malamai suka ce ya yi watsi da ita ya ci gaba da sallarsa. Alƙali da kansa da shaidu yake yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Yaƙini na tauhidi ne da abin da ya zo a nassi, a nan babu wasa ko tsakanina da kai. Amma yawancin harkar yau da gobe an gina ta ne a kan rinjayen zato, kuma malaman da suka tsara haka sun fi mu tsoron Allah.

To mu koma inda ka fi ƙwarewa. Kai da ba ka yarda da adalai biyu ba, kullum kana ɗaure dilar atamfa ta miliyoyi, a rubuta lambar waya a jiki da alƙalami, ka miƙa wa direban da ba ka san sunan ubansa ba ya kai Maraɗi ko Maiduguri. Kana tura kuɗi wa wani a Gwanju ta ƙasar Sin, ka jira kwantena wata da watanni a kan tekun da ba ka taɓa gani ba. Kana ba da kaya bashi babu takarda, sai "Allah ya kai mu bayan salla". Da damina ta kusa ka sayi hatsi a Dawanau ka kulle a sito kana jiran tsada, alhali manomin da ya noma shi binne ya yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Shi ya yi caca da hadari, kai ka yi da farashi, kuma duk ku biyun kuka kira abin tawakkali.

Ka tuna farkon 2023? A watan Oktoban 2022 Babban Banki ya ce za a sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adi 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen Disamba, daga baya ma aka cire wa'adin ɗungurungum. A makonnin nan mutum kan kwana da kuɗi a aljihu ya tashi bai san ko kuɗi ne ko takarda ba. Ban ji ka rufe shago kana jiran tabbas ba. Da safe ka ƙi karɓar tsohuwar dubu, da yamma ka karɓa, ka ƙara ɗan wani abu a kan farashi don ko-ta-kwana.

Kuma in banda ƙarfin hali, ina Bakano ina zancen tabbas? Ku ne a zaɓen gwamna na 2019 kuka koya wa tsofaffin ƙauye kalmar "inkonkulusib", har sai da aka koma rumfa ranar 23 ga Maris. Daga watan Mayun 2024 kuwa aka shiga lokacin da in baƙo ya ce a kai shi gaida sarki, sai ɗan A-daidaita ya waiwayo ya tambaye shi wace fadar. Mu nan ba mu ce komai ba, addu'a muke yi muku.

In da gaske neman yaƙini kake, ga wanda ya neme shi. Imam Gazali ya ba da labarin kansa a littafinsa Munƙizu minad Dalal. Ido ya fara tuhuma: yana nuna maka inuwa a tsaye cak alhali tafiya take, yana nuna maka tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya ce ya fi duniya girma. Daga nan ya tuhumi hankali, ya yi kusan wata biyu a wannan hali, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, haske ne daga Allah. A 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da ɗalibai wajen 300, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu. Ya bar kujera, ya rabar da dukiya, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, bai koma koyarwa ba sai bayan shekara goma da 'yan kai. Kai kuwa ko jana'iza aka je, rabin hankalinka yana wurin yaron da ka bar wa makullin shago.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce mu Zage-zagi a tambaye mu ƙarfe nawa, sai mu ce akwai saɓanin malamai. Za ka ce tun da aka kafa mana jami'a a Samaru a 1962 muke "ana kan bincike", ga shi har yau ba mu gano bambancin mace da namiji a magana ba. Faɗi son ranka. Wanda ya ce "Allahu a'alamu" bai taɓa yin kaffara a kanta ba. Kai fa? "Wallahi ko kuɗinsa bai kai ba", "wallahi shi kaɗai ya rage", "wallahi ba ya zuba", duk kafin azahar, kuma ga irinsa dila biyar a bayan labule.

Muharram na tafe, kuma kuɗin sharata na bara bai iso ba. Kada ka turo alat, na ji yadda ake yin na bogi a garinku. Ka haɗa na shekara biyu tsaba, ka sa a leda tare da gurasa mai zafi, ka kai tashar Unguwa Uku ka ba kowane direba ka samu, kamar yadda ka saba. Ka ce ya tsaya a Kwangila ya kira ni.