Jagoran Mai Son Zama Jarumi a Kannywood

Duk saurayin da ya duba madubi da safe ya ga kamar Ali Nuhu ne ke kallonsa, kafin ya nufi Zoo Road neman darakta ya fara biyawa ta Farm Centre ya koyi gyaran waya. Sana'ar nan ita za ta riƙe shi a shekarun da masana'antar ke nazarin baiwarsa.

Daga nan sai ya nemi ubangida. Zai yi riƙon jaka, ya sayo ruwan leda a lokeshan, ya iya cewa "ranka ya daɗe, darakta" ko da daraktan sa'an ƙaninsa ne. Idan Allah ya taimake shi, bayan shekara guda za a ba shi fitowa ɗaya: maigadi mai buɗe wa motar Alhaji ƙofa. Kada ya raina. Ya tara dangi su kalla, amma ya gargaɗe su kada kowa ya ƙifta ido.

Batun sallama kuwa, ya sa wa zuciyarsa ruwan sanyi. A 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru aru-aru tana wasan kwaikwayo, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, maganar da ta tayar da ƙura har furodusoshi suka yi ta fitowa suna bayani. Sabon shiga sai ya yi lissafin nasa kason daga nan, ya cire kuɗin adaidaita sahu.

Ya kuma san tarihin kasuwar da zai shiga. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar ta yi zamanin kaset, ta yi na faifan CD, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke juya akalarta. Sai masu tura fim a waya suka zo suka karya farashi, fassarar fina-finan Indiya ta kwashe ragowar 'yan kallo. Yanzu zamanin fim mai dogon zango ne: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So a YouTube. Wannan ya fi wa ɗan wasa, domin aiki ne na watanni. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna lafiya da marubuci, don mai alƙalami na iya haɗa shi da hatsarin mota a kashi na bakwai, a yi masa sadakar uku a na takwas.

Akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ga ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN a gefe. Ya yi rajista, ya kiyaye hannayensa. A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Saboda haka soyayyar fim ta tsaya a kallo da murmushi, da tazarar da akuya za ta iya ratsawa tsakani.

Ina makomar sana'ar? Tana nan, sai dai yawanci a wajen kyamara. Suna ne jarin: da shi ake samun tallar atamfa da turare, da gayyatar biki, da kwangilar kamfen idan zaɓe ya matso. Wanda ya yi haƙuri har kujera yana iya samu. Abba El-Mustapha, da hukumar tacewa ke tace fina-finansa a da, shi aka naɗa ya shugabance ta a 2023, Ali Nuhu kuma ya zama shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024.

Kujerun biyu ne kacal, kuma duka akwai mutane a kai. Mai karatu kada ya yi saurin sayar da kayan gyaran wayarsa.