Ƙa'idojin Zagayen Gonakin Inabi a Rabin Yini, Musamman ga Wanda Ba Ya Sha

Zagayen ɗanɗana giyar inabi al'ada ce da ta kafu a ƙasashen da ake noman inabi da yawa, inda baƙi kan bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, a zuba musu kurɓi-kurɓi daga abin da gonar ta sarrafa, su kuma su faɗi ra'ayinsu ko da ba a tambaye su ba. A nahiyar Afirka babu inda al'adar ta yi ƙarfi kamar yankin Stellenbosch na Afirka ta Kudu, mai nisan kusan kilomita 50 gabas da birnin Keftawun, inda tun 1971 masu gonaki suka haɗa kai suka tsara hanyar da baƙo zai bi daga wannan gona zuwa waccan. Wanda taro ko kasuwanci ya kai shi Keftawun yakan tarar an saka irin wannan fita a ranar ƙarshe ta jadawali, kuma ba abin mamaki ba ne ya kasance shi kaɗai ne a tawagar ba ya shan barasa, don haka ya dace a shimfiɗa ƙa'idojin tafiyar ta yadda shi ma zai koma gida da abin ba da labari.

Ƙa'ida ta farko lissafi ce, kuma a kanta yawancin masu shiri suke tuntuɓe. Rabin yini bai wuce sa'a huɗu zuwa biyar ba, tafiya da dawowa suna cin kusan biyu daga ciki, sannan zama a kowace gona yakan kai sa'a guda, domin akan gabatar da nau'i biyar ko shida, kowanne da jawabinsa. Abin da ya rage bai ishi fiye da gonaki biyu ba, ko uku idan maƙwabtan juna ne. Duk da haka, a kowace tawaga akan sami mutum guda mai taswira da jan biro wanda ya riga ya zagaye gonaki bakwai tun daren jiya, kuma hanyar da ta fi dacewa a bi da shi ita ce a saurare shi cikin ladabi, a yaba wa ƙoƙarinsa, a tuna masa cewa ba a tauna taura biyu a baki guda, sannan a karɓe biron. Haka nan akwai wani ƙaramin jirgin ƙasan yawon buɗe ido a kwarin Franschhoek, amma duk da kyawunsa, na masu yini cikakke ne.

Lokacin fita shi ne safiya. Yanayin shekara a can kishiyar na arewacin duniya ne, wato zafi yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, girbin inabi kuma yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Afrilu, yayin da Yuni zuwa Agusta lokacin sanyi da ruwan sama ne. A kama gurbi ta waya ko intanet tun kafin ranar, musamman a kakar girbi.

Daga nan sai batun direba, wanda shi ne ginshiƙin tafiyar baki ɗaya. Dokar Afirka ta Kudu ta hana tuƙi ga wanda barasar da ke jininsa ta kai giram 0.05 a kowace mililita 100, kuma ana tuƙi ne ta hannun hagu, a kan hanyoyi irin na Helshoogte, wato mashigar dutsen da ake bi daga Stellenbosch zuwa ɓangaren Franschhoek, masu kwana-kwana da ke buƙatar ido biyu da hankali ɗaya. Gaskiya ne cewa akan ajiye wani kasko a kan tebur domin mai ɗanɗano ya tofar da abin da ya kurɓa maimakon ya haɗiye, amma bai kamata a gina tsaron rayuka a kan wannan kasko ba, domin a gona ta farko kowa yana tuna shi, a ta biyu kuwa sai ya koma wurin ajiye ƙwallon zaitun. Saboda haka mutumin da ba ya sha, wanda da safe ake kallonsa da ɗan tausayi, kafin azahar ya zama mafi daraja a cikin motar. Ya kamata ya san haƙƙoƙinsa tun kafin a tashi: makulli a aljihunsa zai zauna, shi ne zai ce an tashi a tashi, abin da za a saurara a rediyo zaɓinsa ne, kuma kuɗin abincin ranarsa a wuyan tawaga yake.

Abin da zai ɗanɗana ba kaɗan ba ne. Gonaki da dama suna sayar da ruwan inabi tsantsa wanda ba a bari ya yi tsami ba, kuma mafi daɗinsa shi ne na hanepoot, wani nau'in inabi mai zaƙi da ƙamshi da aka daɗe ana nomawa a yankin. Akwai shayin rooibos, wanda ake yi da ganyen wani tsiro da ke fitowa a duwatsun Cederberg, akwai man zaitun da ake dangwala da burodi, akwai cuku da cakulan. Sai dai akwai wurare biyu da ya kamata a yi hattara. Na ɗaya shi ne kwalbar da aka rubuta cewa an cire mata barasa, domin irinta asalinta giya ce, kuma tana iya riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. Na biyu shi ne farantin nama da cuku da ake kawowa tebur, wanda sau da yawa akwai naman alade a cikinsa, da kuma miyar da aka dafa da giya, don haka tambayar ma'aikaci ba abin kunya ba ce. Musulmin da ya bi fatawar malaman da suka hana zama a teburin da ake shan giya ba zai rasa wurin zama ba, domin yawancin gonakin suna da lambu da inuwar itatuwa, wasu ma, irin su Babylonstoren, lambun ne babban abin da ke jawo musu baƙi.

Wanda ya zaɓi tsayawa daga nesa yana kallo zai ga wani tsari mai matakai. Ma'aikaci yakan zuba abin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba a gindin kofin gilashi mai doguwar ƙafa, mai ɗanɗano ya ɗaga kofin ya duba launinsa a hasken taga, ya jujjuya shi har ruwan ya hau bango ya gangaro, ya cusa hancinsa ciki ya lumshe ido, sannan ya sanar da jama'a cewa ya ji ƙamshin jikakkiyar fata da na hayaƙi da na 'ya'yan itacen da ba a taɓa shukawa a gonar ba. Ba a gardama da irin wannan sanarwa, kamar yadda ba a gardama da mai turare a Kasuwar Kurmi idan ya shinshina auduga ya ambaci sunan itacen. Kalmar da za a fi ji ita ce terroir, wadda da ita Faransawa ke nufin haɗuwar ƙasa da iska da rana da gangaren dutse da ke ba amfanin kowace gona ɗanɗanonsa. Haka kuma za a ji sunan Pinotage, irin inabin da Farfesa Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ya samar a 1925 ta hanyar auratayya tsakanin Pinot noir da Cinsaut. Direban da ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, ya kuma jujjuya ruwan hanepoot ɗinsa da natsuwa kafin ya sha, babu wanda zai raina iliminsa.

Wajen zaɓen gonakin, kyakkyawan tsari shi ne ɗaya ta tarihi, ɗaya ta nishaɗi. A ɓangaren nishaɗi babu kamar Vergenoegd, inda ake sakin ɗaruruwan agwagi masu tsayuwa miƙe su bi layi da gudu zuwa cikin gona domin cinye dodon-koɗin da ke ɓata inabi, aikin da suke yi ba albashi ba yajin aiki.

Gonar tarihi kuwa tana buƙatar a shige ta da hankali kwance. Turawan Holan sun sauka a gaɓar Keftawun a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, aka matse inabin farko a 1659, Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, sannan a 1688 Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini suka fara isowa, aka zaunar da da yawansu a kwarin da ake kira Franschhoek a yau. Fararen gidajen nan masu ƙayataccen goshi da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu, bayi ne suka gina da yawansu, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya, kuma ƙararrawar da ke rataye a farar hasumiya a tsakar wasu gonaki ita ce ake kaɗa musu su fito aiki. An soke bauta a 1834, bayin ba su sami cikakken 'yanci ba sai 1838, bayan haka kuma aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop, wanda illarsa ga iyalan ma'aikatan gona ba ta gushe ba har yau. Mai ziyara na da damar tambayar jagora yadda gonar ke kula da ma'aikatanta, kuma ihsanin kashi 10 cikin ɗari da aka saba bai wa ma'aikacin tebur bai kamata a manta da shi ba.

A hanyar dawowa, idan aka bi ta kusa da bakin teku, akwai garin Macassar, inda Turawan Holan suka tsare Shehu Yusuf, wani malamin Indunusiya da suka koro daga ƙasarsa, wanda ya iso a 1694 ya rasu a 1699, ake kuma lissafa shi cikin magabatan Musulunci a Afirka ta Kudu. Hubbaren da aka gina masa yana kan tudu, kuma tun da makulli na hannun direba, tsayawar minti ashirin a can ba ta buƙatar ƙuri'a. Kwalayen da fasinjoji suka saya kada a bar su a but cikin rana, domin zafi yana lalata abin da ke ciki, sannan a kama babbar hanyar N2 kafin cunkoson yamma, a bar na kujerar baya su yi barcinsu har ƙofar otal.